Tsirran magani da na amfanin gida a karkarar arewacin Kano

Tsirran magani da na amfanin gida a karkarar arewacin Kano su ne itatuwa da ganyaye da ciyayi da kayan yaji waɗanda mazauna ƙauyukan arewacin Jihar Kano, a Najeriya, suke amfani da su yau da kullum wajen abinci, magance ƙananan cututtuka, tsafta, adana hatsi da sana'o'in hannu. Yankin ya ƙunshi ƙananan hukumomi irin su Ungogo, Minjibir, Gezawa, Dawakin Tofa, Bichi, Bagwai, Tsanyawa, Ghari (Kunchi a da), Makoda da Dambatta. Saboda yawan jama'a, ƙasar da ba a nomawa kaɗan ce, don haka mafi yawan waɗannan tsirrai daga gona ake samun su, ko daga shinge, ko bayan gida, ko kuma a sayo su a kasuwa. Abinci da magani ba su rabu sosai a wannan al'ada ba: tsiro ɗaya yakan shiga miya da rana, a kuma jiƙa shi da daddare don ciwon ciki.

Yanayin ƙasa da noma

Arewacin Kano yana cikin yankin da damina take ɗaukar kimanin wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, sauran watannin kuma rani ne. Mafi yawan ƙasar jigawa ce mai yashi, sai fadamu a bakin koguna da madatsun ruwa irin su Watari a Bagwai, da Thomas a wajen Dambatta, da Jakara a Minjibir. Ana noma gero, dawa, wake, gyaɗa da riɗi, sau da yawa a haɗe cikin gona guda.

A farkon shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, daga baya kuma a Jami'ar Bayero, ya yi nazarin karkarar da ta kewaye birnin Kano. Ya nuna cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar ana noma ta kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba. Abin da yake riƙe ƙarfin ƙasar shi ne takin dabbobi da tokar gida da sharar birni, waɗanda a da jakuna suke ɗaukowa zuwa gonaki, su koma birni da itacen girki.

Manoman yankin ba sa sare dukkan itatuwa idan suna sharar gona. Sukan bar masu amfani, su kare ƙananan da suka tsiro da kansu, su riƙa sassabe rassan manya don kada inuwa ta kashe shuka. Wannan ya sa gonakin suke cike da kuka, tsamiya, ɗorawa, gawo, kanya, aduwa da darbejiya a warwatse. Kowace bishiya tana da mai ita. Ana gadon ta, ana iya jinginar da ita, kuma wani lokaci mai bishiya daban yake da mai gonar da take ciki.

Tarihi da rubuce-rubuce

Sanin tsirrai a ƙasar Hausa ya samo asali daga tushe biyu. Na farko shi ne ilimin gado da manoma, maharba, makiyaya da tsofaffin mata suke miƙa wa na baya da baki. Na biyu shi ne littattafan ɗibbu na Larabci da suka shigo tare da Musulunci da fataucin Sahara. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya rubuta risaloli a kan magani, ciki har da na ciwon ido da na basir. Ta hanyar fatauci ne kuma kayan ƙamshi da na yaji irin su kanumfari suka zama sanannu a kasuwar Kurmi da ke birnin Kano.

A zamanin mulkin mallaka, likita ɗan Sikotilan John McEwen Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa tare da sunayensu na kimiyya, ya buga su a 1916. A 1937 ya fitar da babban littafinsa a kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Sunan kimiyya na hano, wato Boswellia dalzielii, daga sunansa aka samo shi. Ƙamus ɗin G. P. Bargery na 1934 shi ma ya adana sunayen tsirrai masu yawa da yadda ake amfani da su.

Daga tsakiyar shekarun 1970, Nina Etkin da Paul Ross sun zauna a wani ƙauye da ke yankin Wudil, kudu maso gabas da Kano, suka rubuta ɗaruruwan tsirran da ake magani da su. Sun lura cewa da yawa daga cikinsu ana cin su a matsayin abinci, musamman a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, zazzaɓi kuma ya yi yawa. Ko da yake ba a arewacin jihar suka yi aikin ba, tsirran da al'adun da suka bayyana sun yi kama da na arewacin.

Masu sanin magani

Mafi yawan maganin yau da kullum a cikin gida ake haɗa shi, kuma iyaye mata da kakanni ne suka fi riƙe shi. Idan abin ya wuce na gida, sai a nemi masu sana'ar:

Boka ko mai magani yana haɗa sassaƙe da saiwoyi, wani kuma yakan shahara a kan cuta guda, kamar shawara ko saran maciji.

'Yar mai ganye tana sayar da ganyaye da saiwoyi a kasuwa ko gida-gida, ta fi kuma sanin maganin mata da na yara.

Ungozoma tana yanke cibi, tana kula da mai jego da jariri a kwanakin farko.

Wanzami, ban da aski, yana yin ƙaho da kaciya, yana kuma da garin maganin da yake barbaɗawa a rauni.

Maɗori yana ɗora karaya, yakan haɗa da man shafawa.

Malami yana ba da rubutu da addu'a, wani lokaci tare da ganye, musamman na magarya.

Waɗannan sana'o'i galibi gado ne. A 'yan shekarun nan an sami ƙarin masu shagunan maganin Musulunci, waɗanda suke sayar da habbatus sauda, hulba, man zaitun da zuma, har a garuruwa irin su Bichi da Dambatta.

Hanyoyin sarrafawa

Sassan tsiro da ake amfani da su sun haɗa da ganye, sassaƙe, saiwa, 'ya'ya, fure da ƙaro. Hanya mafi sauƙi ita ce jiƙo, wato a zuba sassaƙe ko saiwa a ruwa, a bar shi ya kwana, a riƙa sha. Akwai dafawa, sau da yawa tare da jar kanwa. Akwai shanyawa a inuwa, a daka, a tankaɗe, a riƙa zuba garin a kunu ko fura ko nono. Don mura da zazzaɓi akan yi surace: a tafasa ganye, mara lafiya ya lulluɓa da mayafi a kan tukunyar ya shaƙi tururin har ya yi gumi. Sauran hanyoyin su ne turare a kan garwashi, wanka, da shafawa bayan an kwaɓa gari da man shanu ko man kaɗe.

A fahimtar gargajiya, cututtuka da yawa ana danganta su da sanyi ko zafi, ko da dattin ciki. Shi ya sa ake ɗaukan ɗaci, gumi, da sakin ciki a matsayin alamar cewa magani yana aiki. Awo kuwa da hannu ake yin sa, ko da ludayi da cokali, babu ƙayyadadden ma'auni.

Itatuwan gona

Kuka (Adansonia digitata). Ana shanya ganyenta a daka don miyar kuka, wadda ita ce miyar da aka fi yi da tuwo a lokacin rani. Farin garin da ke cikin 'ya'yanta yana da tsami da sinadarin bitamin C mai yawa, ana dama shi a sha ko a haɗa da nono. Daga ɓawonta ake tufka igiya.

Tsamiya (Tamarindus indica). Da 'ya'yanta ake kunun tsamiya, wanda aka fi sha da azumi. Jiƙonta yana sassauta ciki. Ana amfani da ganyenta a wankan jego.

Ɗorawa (Parkia biglobosa). Ana shan garinta mai launin rawaya, ana dafa kalwarta a yi daddawa. Daga kwasfarta ake samun makuba, wadda ake zubawa a daɓe da shafen katanga don su yi ƙarfi su jure ruwa.

Gawo (Faidherbia albida). Yana kaɗe ganye da damina, ya fitar da sabo da rani, saboda haka inuwarsa ba ta hana shuka girma. Ganyen da ya zube da kashin dabbobin da suke fakewa a gindinsa suna ƙara wa ƙasa ƙarfi. 'Ya'yansa abincin awaki da tumaki ne.

Darbejiya ko dogon yaro (Azadirachta indica). Asalinta daga yankin Indiya ne, a zamanin mulkin mallaka aka shigo da ita, yanzu kuma tana cikin itatuwan da suka fi yawa a ƙauyuka da bakin hanyoyi. Ana dafa ganyenta don surace da wanka idan ana zazzaɓi ko ƙaiƙayi, ana asuwaki da ƙananan rassanta, ana kuma sa ganyen a rumbu.

Bagaruwa (Vachellia nilotica). 'Ya'yanta suna da sinadarin tanin mai ɗaure fata. Majema da su suke jeme fata, a gida kuma ana amfani da jiƙonsu ko garinsu don gyambo, ciwon baki da gudawa.

Aduwa (Balanites aegyptiaca). Ana shan 'ya'yanta masu zaƙi da ɗaci, ana fitar da mai daga ƙwallonta. Itacenta yana da ƙarfi da santsi, da shi ake sassaƙa allon karatu.

Magarya (Ziziphus mauritiana) da kurna (Ziziphus spina-christi). Yara suna cin 'ya'yansu, ana shinge da ƙayarsu. Ganyen magarya yana kumfa idan aka daka shi aka zuba ruwa, ana amfani da shi a wankan gawa da ruƙiyya.

Maɗaci (Khaya senegalensis) da marke (Anogeissus leiocarpa). Sassaƙen maɗaci yana da tsananin ɗaci, ana jiƙa shi don ciwon ciki da zazzaɓi. Marke ya yi suna a maganin tari. Dukansu sun yi ƙaranci a gonakin arewa, galibi daga kudancin jihar ake kawo sassaƙensu.

Sabara (Guiera senegalensis) da kalgo (Piliostigma reticulatum). Waɗannan ƙananan itatuwa ne da suke sake tohowa bayan an sare su a sharar gona. Ana dafa ganyen sabara don ciwon ciki da gudawa, ana kuma ƙona shi don hayaƙin ya kori ƙudaje daga garke. Da ɓawon kalgo ake ɗaure damin gero da dawa.

Ganyaye da ciyayi

Zogale (Moringa oleifera) ana dasa shi a shinge da bayan gida. Ana dafa ganyen a kwaɗanta shi da ƙuli-ƙuli, ko a zuba a dambu da fate. Yana da sinadarin gina jiki, da na ƙarfe, da na bitamin A. Dakakkun 'ya'yansa suna sa laka ta kwanta a ruwa mai gurɓata, amma ba sa kashe dukkan ƙwayoyin cuta.

Yakuwa (Hibiscus sabdariffa) tsiro ne mai amfani uku. Ganyenta na miya ne, jan ɓawon furenta shi ne zoɓo ko soɓorodo, da 'ya'yanta kuma ake daddawar batso. 'Yar uwarta rama ana kwaɗon ganyenta, ana igiya da ɓawonta.

Tafasa, lalo, gasaya, yaɗiya da karkashi da kansu suke fitowa a gona, mai noma yakan tsallake su da fartanya. Su ne suke riƙe gidaje da yawa kafin sabon gero ya nuna, kuma sun taimaka a farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984. Mata suna wanke gashi da ruwan karkashi saboda yauƙinsa. Filasko (Senna italica) sanannen maganin wankin ciki ne. Rai ɗore (Senna occidentalis) ana dafa ganyensa don zazzaɓi. Ɗaɗɗoya, mai ƙamshi, ana sa ta a miya da shayi, ana kuma ƙona ta ko a rataye ta a ɗaki don korar sauro. Garafuni ana amfani da shi don ciwon ciki, kauci kuma, wanda yake fitowa a jikin wasu itatuwa, ana kiransa da sunan bishiyar da ya hau, kamar kaucin ɗorawa.

Lalle (Lawsonia inermis) ana noma shi a wasu gonaki da shingaye. Ana kwaɓa garinsa don ƙunshi a lokacin biki da salla, ana kuma shafa shi a tafin ƙafa mai kaushi ko faso.

Kayan yaji da na kasuwa

Yawancin kayan yaji ba a yankin ake noma su ba. Citta daga kudancin Kaduna ake kawo ta, masoro da kimba da citta mai 'ya'ya daga dazuzzukan kudu, kanumfari kuma daga ƙasashen waje. Barkono, albasa da tafarnuwa ana samun su daga fadamun arewa. Kasuwar Dawanau, a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, tana cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma, kuma daga nan ake tara zoɓo, riɗi, citta da tsamiya, har a fitar da su ƙasashen waje.

Waɗannan kaya su ne tushen yaji, wanda ake barbaɗawa a tuwo da nama, da kuma kayan ƙamshin fura da kunu. Don mura da tari akan dafa citta da kanumfari da masoro, a sa lemon tsami da zuma. Ana ɗora kanumfari a haƙori mai ciwo, domin man da ke cikinsa yana kashe zafi na ɗan lokaci. Tazargade, wani nau'in Artemisia mai ɗaci da ƙarfin ƙamshi, ana sayar da shi a bushe, ana turare da shi ko a jiƙa.

Haihuwa da jego

Babu lokacin da ake amfani da tsirrai a gida kamar bayan haihuwa. Mai jego takan yi wankan jego da tafasasshen ruwa safe da yamma, tana tsoma rassan tsamiya ko darbejiya ko sabara tana fyaɗawa a jiki, har kwana 40 ko fiye. Tana shan kunun kanwa, tana cin nama da yajin jego mai citta, kimba da masoro. Manufar ita ce a kore sanyi, a dawo da ƙarfi, a kuma ƙara ruwan nono. Jariri kuma akan ba shi ɗauri, wato jiƙon wasu saiwoyi da sassaƙe.

A shekarun 1970 likitoci a Zariya, ciki har da Neil Davidson da Eldryd Parry, sun ba da rahoton yawan ciwon gazawar zuciya a tsakanin mata masu jego, suka danganta shi da yawan kanwa, mai ɗauke da gishiri, da kuma tsananin zafin wanka da na kwanciya a gadon da ake hura wuta a ƙarƙashinsa. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye da abokan aikinsa suka yi daga baya a Kano ya nuna cewa ƙarancin sinadarin seleniyom a jiki da talauci su ma suna da alaƙa da cutar. Likitoci suna ba da shawarar rage kanwa, da gaggauta zuwa asibiti idan mai jego ta fara kumburin ƙafa ko haki. Game da jarirai, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nonon uwa zalla har wata 6, ba ruwa ba jiƙo.

Amfanin gida

Adana hatsi. Manoma suna gauraya wake da toka ko yashi mai laushi ko dakakken barkono don hana ƙwari. Ana shimfiɗa ganyen darbejiya a rumbu. Wasu suna amfani da saiwar sanya, wadda ake kira uwar magunguna (Securidaca longipedunculata), saboda ƙarfin warinta. Daga ƙarshen shekarun 2000 buhunan PICS masu hana iska shiga, waɗanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, sun yaɗu a kasuwannin yankin.

Shinge da gini. Aguwa, bini da zugu, dashi da hano suna kamawa idan aka dasa reshensu, shi ya sa ake iyakar gona da bakin burtali da su. Da gamba ake saƙa zana, da giginya ake azara, da kabar goruba kuma ake tabarma, faifai da igiya. Turmi da taɓarya akan sassaƙa su daga itatuwa masu tauri irin su ƙirya.

Tsafta da ƙamshi. Soso yana hawa dangar gida, ana wanka da wanke-wanke da busasshen 'ya'yansa. Ana tace ruwan toka a yi amfani da shi a girki da haɗa sabulu. Ƙaron hano da saiwar ƙajiji suna shiga turaren wuta.

Rini da tawada. Baba shi ne tushen shuɗin da ake rina tufafi a marina, kamar ta Ƙofar Mata a birnin Kano. Karan dafi, wani nau'in dawa mai jan kube, da shi dukawa suke rina fata ja, ana kuma shan jiƙonsa da sunan ƙarin jini. Almajirai suna haɗa tawada da ƙaro.

Abin da binciken kimiyya ya nuna

An tabbatar da wasu daga cikin waɗannan amfanoni. Dangin filasko suna ɗauke da sinadaran da ake sarrafa maganin taurin bayan gida da su a kantunan magani. Darbejiya tana da sinadarin azadiraktin, wanda yake hana ƙwari ci da hayayyafa. Gwaje-gwaje a kan mutane sun nuna cewa shan zoɓo marar sukari yana ɗan rage hawan jini, citta kuma tana rage tashin zuciya. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa, NIPRD, da ke Abuja, ta samar da maganin Niprisan don masu amosanin jini daga tsirrai 4, uku daga cikinsu su ne masoro, kanumfari da karan dafi.

Sai dai mafi yawan binciken da jami'o'i suka yi a kan tsirran yankin a ɗakin gwaji ne ko a jikin ɓeraye. Tsiron da ya kashe ƙwayar cuta a cikin kwalba ba lallai ne ya warkar da mutum ba. Misali a nan shi ne zazzaɓin cizon sauro. Maganin da asibitoci suke bayarwa a yau an samo tushensa daga wani nau'in Artemisia na ƙasar Sin, aikin da ya sa Tu Youyou ta sami kyautar Nobel a 2015. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amince a sha jiƙon ganyen a madadin maganin ba, saboda yawan sinadarin yana bambanta daga ganye zuwa ganye, kuma shan abin da bai kai ba yana iya sa ƙwayar cutar ta daina jin magani.

Haɗari

Wasu tsirran yankin suna da guba. Farin ruwan tumfafiya (Calotropis procera) yana lahanta ido, kuma yana da sinadarai masu taɓa zuciya. 'Ya'yan bini da zugu suna sa amai da gudawa mai tsanani, yara kuma sukan ci su saboda suna kama da gyaɗa. Zaƙami (Datura metel) yana gusar da hankali, yana iya kisa. Saiwar sanya da 'ya'yan rai ɗore suna da illa idan an sha da yawa. Man darbejiya yana da haɗari ga jarirai. Lalle yana iya fasa ƙwayoyin jinin jaririn da aka haifa da ƙarancin sinadarin G6PD, baƙin lallen kanti kuma yakan ƙunshi sinadarin rinin gashi mai ƙona fata. Ba a ba yaron da bai kai shekara 1 ba zuma.

Akwai kuma haɗarin da ba daga tsiron kansa yake ba. Rashin ma'auni yana sa a sha fiye da kima, abin da yake iya taɓa hanta da ƙoda. Mai ciki da mai shan maganin hawan jini ko ciwon suga suna buƙatar sanar da ma'aikacin lafiya kafin su haɗa da na gargajiya. Ganyen da aka tsinko a bakin kogin Jakara, wanda dattin birni da na masana'antun Bompai yake kwarara cikinsa, yana iya ɗaukar sinadarai masu cutarwa. Babban haɗari shi ne jinkiri. Yaron da yake zazzaɓi da suma ko jijjiga, ko gudawar da ta ƙi tsayawa, ko jaririn da idonsa ya yi rawaya, ko wanda maciji ya sara, asibiti yake buƙata nan take. Ga mai gudawa, ruwan gishiri da sukari tare da ƙwayar zinc shi ne matakin farko da aka tabbatar.

Dokoki da hukumomi

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita take rajistar magungunan gargajiya da ake ƙullawa a kwalba ko leda don sayarwa. Lambar da take bayarwa a matakin farko tana nuna an duba lafiyar maganin ne, ba shaida ce ta cewa yana warkarwa ba. Gwamnatin tarayya ta fitar da manufar ƙasa a kan maganin gargajiya a 2007, ta kuma buga kundin tsirran magani na Najeriya a 2008. Masu sana'ar suna da ƙungiyarsu ta ƙasa, NANTMP, mai reshe a Kano. A matakin jiha, hukumar PHIMA mai kula da cibiyoyin lafiya masu zaman kansu tana sa ido a kan masu maganin gargajiya. Ana bikin ranar maganin gargajiya ta Afirka a ranar 31 ga Agusta kowace shekara. Maganin da ake haɗawa a gida da wanda ake kasawa a kasuwannin ƙauye kuwa, yawanci babu mai duba shi.

Barazana da kiyayewa

Binciken da aka yi a shekarun 1980 a kan itacen girki a Kano ya nuna cewa manoman da ke kusa da birni sun riƙe yawan itatuwan gonakinsu duk da buƙatar makamashi, domin bishiya dukiya ce mai kawo kuɗi kowace shekara. Abin da yake canzawa shi ne nau'in itatuwan. Darbejiya da mangwaro suna ƙaruwa, yayin da ɗorawa, ɗinya, ƙirya da maɗaci suke raguwa saboda fari, gawayi, da yawan sassaƙa. Bishiyar da aka sassaƙe ɓawonta ta kowane gefe takan bushe. Faɗaɗar birni a Ungogo, Dawakin Tofa da Gezawa tana mayar da gonaki filayen gini, rabon gado kuma yana ƙara ƙanƙanta gonaki. Maganin feshi na kashe ciyawa yana kashe tafasa, gasaya da lalo tare da ciyawar da aka nufa.

An dasa jerin itatuwan kare iska a yankin Dambatta tun a shekarun 1970, galibi turare da darbejiya. Kano tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa a Najeriya. Cibiyar nazarin noma a busassun yankuna ta Jami'ar Bayero da Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta suna cikin cibiyoyin da suke koyar da aikin gona da kula da itatuwa a yankin. Hanyoyin da masana gandun daji suke ba da shawara a kansu sun haɗa da kare ƙananan itatuwan da suka tsiro da kansu a gona, sassaƙa gefe ɗaya kawai na bishiya a bar ta ta warke, amfani da ganye a maimakon saiwa inda zai yiwu, da rubuta sunaye da amfanin tsirrai daga bakin tsofaffin da suka san su.